A Auna Kafin A Haƙa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ajiye arziki a bayanta da cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Duk wanda ya taɓa jan guga da asuba a tsakiyar hunturu ya san ruwan rijiya da ɗumi ya kan fito, mai alwala ya ji daɗinsa. In bazara ta kama kuwa, rijiyar nan dai ita ce mai ruwan sanyi. Ruwan yana nan yadda ya ke, iska ce ta sake. Masana sun auna, sun tarar in an nutsa kamar gaba biyar ko shida, watau wajen mita 10, zafin ƙasa tsaye ya ke rani da damina. A kan wannan ne Turawa suka kafa wata sana'a ta ɗumama gidaje da sanyaya su. Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya cikin 2023, aka kuma ninka kuɗin lantarki fiye da sau uku ga wani rukuni na masu amfani da shi cikin Afrilu 2024, kowa kunnensa a buɗe ya ke ga duk abin da aka ce zai rage tsada. Saboda haka ya wajaba a ɗora wannan sana'a a kan sikeli tun ba a zuba mata dukiya ba.

Da fari a sani abin iri biyu ne, kada a cuɗanya su. Iri na farko shi ne inda Allah ya sa ruwa mai tsananin zafi kusa da bayan ƙasa. Tsibirin Aisland shi ne shahararre a nan. Cikin 1930 aka ja ruwan wata maɓuɓɓuga da bututu zuwa wata makaranta a birnin Reykjavik, daga nan abin ya yaɗu, ya ƙara ƙarfi bayan tsadar mai ta 1973, har ya zama kimanin gida tara cikin goma na ƙasar da ruwan ƙasa a ke ɗumama su. Wannan baiwa ce ta wurin da duwatsu ke aman wuta. Ruwan Wikki na Yankari, da ya ke digiri 31 ne, wanka ya ke yi wa daɗi, bai kai wannan matsayi ba.

Iri na biyu shi ne wanda a ke iya yi a ko'ina, shi ne kuma abin magana. A kan haƙa rijiyar burtsatse mai zurfin mita 100 zuwa 200, a zura bututun roba a lanƙwashe, ruwa na zagayawa a ciki. A cikin gida kuma a kafa injin jan zafi, wanda aikinsa irin na firji ne. Firji ba ya halittar sanyi, zafin ciki ya ke kwashewa ya zubar a baya. Haka wannan inji: da ɗari ya kwaso ɗumin ƙasa ya kawo ɗaki, da zafi ya kwashe na ɗaki ya kai wa ƙasa.

Amfaninsa ba abin musu ba ne. In an ba shi mudu ɗaya na lantarki ya kan mayar da mudu uku ko huɗu na ɗumi, domin dako ya ke yi, ba hura wuta ba. Ba hayaƙi, ba toka, ba ƙara a bayan taga. Injin ya kan kai shekara 20 zuwa 25, bututun da ke binne kuwa ya kan wuce 50. A ƙasar Suwidin, inda sanyi ke cin fiye da rabin shekara, wajen gida ɗaya cikin biyar na masu zaman iyali guda da shi su ke ɗumi. Dalili a fili ya ke: lantarkinsu ba ya yankewa, dutsensu na kusa kuma mai kyaun riƙe ɗumi ne, sa'an nan lokacin da ruwa ke daskarewa a waje, cikin ƙasarsu na nan wajen digiri 6 zuwa 8.

To, sai ɗaya hannun sikelin. Nauyi na farko kuɗin kafawa ne, gama ya kan ninka na injin sanyaya ɗaki da aka saba sau biyu ko fiye, babban rabonsa kuwa haƙa ce ke cinyewa. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta mai gida ya kan fanshe rarar da ya kashe cikin shekara 5 zuwa 10. Amma wannan lissafi an yi shi ne a ƙasar da bashi ke da sauƙi, hukuma kuma a da tana yafe wa mai gida kashi 30 cikin ɗari na kuɗin daga harajinsa. Wannan rangwame an soke shi daga ƙarshen 2025. Wanda ya jingina lissafinsa da taimakon hukuma, ya jingina da abin da a ke iya zarewa dare ɗaya.

Ga misali da ya isa a yi nazari a kai. Jami'ar Ball State ta jihar Indiyana a Amurka a da tana ƙona kwal wajen tan 36,000 a shekara don ɗumama gine-ginenta. Cikin 2009 ta fara haƙa rijiyoyi, ta haƙa fiye da 3,000, ta haɗa gini 47, ta daina ƙona kwal cikin 2014. Aikin ya ci kimanin dala miliyan 80, abin da ya ke rage mata kuwa wajen miliyan 2 ne a shekara. Mai gaggawa zai raba 80 da 2 ya ce shekara 40, asara ce. Bai yi daidai ba, domin tukwanen kwal ɗin sun riga sun tsufa, tilas a sake su, sabbin kuwa su ma miliyoyi masu yawa za su ci. Abin lissafi shi ne bambancin da ke tsakanin hanyoyin biyu. Darasin da ke nan shi ne abin ya fi karɓar wanda zai daɗe a wuri, mai gine-gine da yawa, wanda ya ke bukatar zafi da sanyi duka biyu, kuma lokacin sake kayansa ya riga ya yi.

Nauyi na biyu haɗarin haƙa ne. A wani ƙaramin gari na Jamus mai suna Staufen, cikin 2007, hukumar gari ta haƙa rijiya bakwai masu zurfin mita 140 don ɗumama ofishinta. Ashe a ƙarƙashi akwai wani irin farin dutse wanda ke kumbura in ya sha ruwa. Haƙar ta buɗe wa ruwa hanya zuwa gare shi, ƙasa ta riƙa tasowa wajen santimita ɗaya kowane wata, gidaje fiye da 250 suka tsattsage, ɓarna ta kai miliyoyin Yuro. An nemi rage kuɗin ɗumama gini guda, aka jawo wa tsakiyar gari masifa. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da maganar harimin rijiya, suka hana mutum ya haƙa tasa inda za ta cuci ta maƙwabcinsa. Hukuncin nan ya shafi wannan sana'a kai tsaye, gama rijiyar da ba a liƙe gefenta da kyau ba tana iya zama hanyar da ruwan masai zai gangara ya haɗu da ruwan sha na unguwa.

Saura tambayar da ta fi damun mai karatu: shin abin da ya karɓi Suwidin zai karɓi Kano da Sakkwato da Damagaram? A nan sai a yi hankali, domin zafin cikin ƙasa ya kan bi matsakaicin zafin iskar wurin na shekara, har ya ɗara shi kaɗan. A ƙasar Hausa zai kama wajen digiri 28 zuwa 30. Cikin Afrilu, iska na digiri 40, zubar da zafin ɗaki a cikin ƙasa ya fi zubar da shi a iska sauƙi ga inji, lantarki kuwa zai ragu. Amma da damina ta zauna, ko hunturu ya shigo, iska ta kan yi daidai da ƙasa ko ta fi ta sanyi, ribar ta tafi. Bature na cin moriyar rijiyarsa wata goma sha biyu, mutumin Sahel kuwa wata uku ko huɗu, alhali kuɗin haƙa ɗaya ne.

Har ila yau akwai wata illa da ba a cika faɗi ba. A ƙasar sanyi, zafin da aka zuba wa ƙasa da bazara a kan kwashe shi da ɗari, sai ta koma daidai. A ƙasar zafi zubawa kaɗai a ke yi, kamar rumbun da a ke ta ɗura wa hatsi ba a ɗiba. Shekara bayan shekara ƙasar da ke kewaye da bututu ta ɗumama, ƙarfin inji ya ragu, sai an ƙara rijiya. Ga shi injin ba ya motsi sai da lantarki, ga kayan gyara daga ƙetare, ga ƙarancin makanikai. In da bashi za a yi, cikin 2024 ruwan da bankunan Nijeriya ke ɗorawa ya haura kashi 25 cikin ɗari. Ban da haramcin riba, wanda ya isa hani, wannan kaɗai ya cinye duk abin da injin zai rage.

Wannan ba ya nufin a juya wa ni'imar ƙasa baya. Zafi yana kisa: cikin Afrilu 2024 ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, tsofaffi da marasa lafiya da dama suka rasu a yankin. Akwai hanya mai sauƙi wadda Musulmi suka daɗe da saninta. A da mutanen Bagadaza da sirdabi, watau ɗakin ƙarƙashin ƙasa, su ke tsere wa zafin azahar. Mutanen Yazd ta Farisa sun gina hasumiyoyin kama iska, suna bi da ita ta kan ruwan da ke gudu a ƙarƙashin ƙasa. Na zamani shi ne a binne bututu mai faɗi a zurfin mita 3 ko 4, ƙaramar fanka ta hasken rana ta jawo iska ta cikinsa, ta shiga tana digiri 40 ta fito kusa da 30. Ba sanyin firji ba ne, amma ga majinyaci da ɗalibi rahama ce. Shi ma yana son kulawa, don laimar damina kan kawo fumfuna, ɓera kuma kan shiga in ba a sa raga ba.

Abin da ya dace ke nan a bi al'amarin daki-daki. A fara da abin da kakanni suka sani: katanga mai kauri, rufin soro, inuwar darbejiya, taga ta fuskar iska. Wanda ya yi rufin kwano ya sa silin, ya shafa farin fenti. Sa'an nan injiniyoyin jami'o'in Zariya da Kano su gwada bututun iska a ɗakin majinyata ɗaya da aji ɗaya, su auna shekara guda cur, su buga sakamakon da Hausa kowa ya gani. Rijiya mai zurfi da inji kuwa a bar wa manyan wurare kamar asibiti, inda zafin da aka kwashe daga ɗaki zai dafa ruwan wanki da wanka maimakon a tara shi a ƙasa. Ko nan ma kada a sa baƙin ƙarfe a ƙasa sai masana duwatsu sun duba, ɗan kwangila kuma ya sa hannu zai biya in katangar maƙwabci ta tsage ko rijiyarsa ta ɓaci.

Dukiyar jama'a amana ce, sayen abin da ba a auna ba da ita kuwa cinikin biri a sama ne. Ƙa'idar malamai ita ce kawar da ɓarna na gaba da jawo amfani. Mutanen Suwidin sun auna ƙasarsu kafin su haƙa, shi ya sa suka ci riba. Wanda zai yi koyi da su, sai ya fara da awon.

Allah ya sa shugabanni su yi aiki da shawara, ya sauƙaƙa wa talakawa zafin bazara. Allah shi ne mafi sani. Tamat.