Daga Agege zuwa Mambila: A daina ƙirga dashen kofi kaɗai, a auna ƙasa

Wanda ya ratsa Zangon Agege a yau, cikin hayaƙin motoci da cunkoson kasuwa, da wuya ya yarda cewa albarkar gonaki ce ta tara Hausawa a nan. Tun daga ƙarshen ƙarni na 19 attajiran Ikko irin su J. K. Coker suka dasa kofi da koko da goro a yankin, har suka kafa ƙungiyar manoman Agege a 1907. Goron ya jawo fatake daga Arewa, jirgin ƙasa ya sauƙaƙa jigila. Faɗuwar farashi ta kori kofi da wuri, sauran itatuwan kuma gine-gine suka cinye su.

Yanzu idan ana zancen farfaɗo da kofi, tsaunin Mambila a Jihar Taraba ake kallo, kuma abin da rahotannin ofis suka fi ƙauna shi ne adadin dashen da aka raba. Adadin yana da amfani, amma bai faɗi halin da ƙasa za ta shiga ba.

Lissafin a fili yake. Tazarar mita 3 ta kowane gefe na ba da bishiya kusan 1,100 a hekta guda. Tazarar mita 2 da mita 1 kuwa na ba da 5,000, irin dashen da ake gani a wasu gonakin Brazil. Yawan bishiyoyi na nufin yawan saiwoyi da ganyen da ke kaɗewa ya ruɓe, kuma daga ruɓaɓɓen nan ne ƙasa ke tara sinadarin kabon, wanda ke riƙe mata danshi da taki. Inuwa ma na sanyaya ƙasa, ta rage saurin da kabon ke tserewa cikin iska.

Sai dai cunkoso ba kyauta ba ne. Bishiyoyin da aka matse suna gasar ruwa da abinci, suna neman taki da datsa a kan kari, alhali ƙaramin manomi ba kullum yake da halin hakan ba. In kuma aka sare manyan itatuwan inuwa domin a cusa ƙarin kofi, ko aka share ganye aka cinna masa wuta, an ba da da hannun dama an karɓe da na hagu. A gangaren Mambila, ruwan sama zai ƙarasa aikin.

Cibiyar binciken koko da ke Ibadan, wadda kofi ke cikin huruminta, tana da reshe a Kusuku, a kan tsaunin. Ya kamata duk takardar da za ta isa teburin minista kan rabon dashe ta zo da tazarar da cibiyar ta amince da ita, da adadin itatuwan inuwar da za a bari, da awon kabon na santimita 30 na saman ƙasa kafin a dasa. Kabon a hankali yake taruwa, don haka awo na biyu sai bayan shekaru, wataƙila jami'in da ya sa hannu ya riga ya bar kujerar.