Tiya biyu

Ka san ɗan kasuwa mai tiya biyu. In zai sayi hatsinka ya ɗauko babba, in zai sayar maka ya ɗauko ƙarama. A kasuwa kowa yana tsine masa. Amma in ana maganar cancanta, da yawa cikinmu haka muke awo.

Ran nan gardama ta kaure a ajinmu na yaƙi da jahilci a Jiratawa. Muna karatun zaɓen ƴan majalisa na 1993, wanda ya biyo bayan Taron Ƙasa na 1991. Kujerun majalisa 83 ne a lokacin. An ware 8 don mazaɓu na musamman, wuraren ƙabilun da ba su da yawa. Ɗaya tana cikin jiharmu: Bermo, can arewa da Dakoro, ƙasar makiyaya. An riƙa ware kujerun nan har zaɓen 2020, kafin sojoji su rushe majalisa a 2023.

Wani dattijo ya ce: "Malam, wannan son kai ne. Dipiten Maraɗi sai ya tara ƙuri'a tuli, na Bermo da ƴan kaɗan ya shiga. Ina cancanta?"

Na ce masa, Baba, kujerar majalisa ba jarrabawa ba ce, baki ne. In aka zuba ƙuri'ar Bermo cikin ta Maraɗi da Tibiri, ta ɓace kamar gishiri a rijiya. To wa zai tashi ya yi maganar burtali da mashayar dabbobi? Ni da kai? Gona ce a gabanmu. Kuma ba mu manta da Toda ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rai fiye da 100 a 1991. Gara a yi faɗan da baki, a Yamai.

Da aka tashi, sai dattijon nan ya ja ni gefe. Wai ko na san wani babba da zai sa hannu ɗansa ya ci kwankur? Ka ji fa. Ga Bafulatani cancanta, ga ɗansa hanya. Ban yi masa dariya ba, don ni ma na taɓa neman irin wannan alfarma ga ƙanena.

Maganar jami'a kuwa, a nan ra'ayina ya ɗan bambanta. A Najeriya ƙa'idar shiga jami'o'in tarayya ita ce: kashi 45 cikin ɗari ga masu maki mafi yawa, 35 ga ƴan yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari baya a boko. A Amurka an daɗe ana duba launin fata don a taimaki baƙar fata, har kotun ƙoli ta hana a 2023. Can ma an yi ta tambaya: me ya sa ba a hana fifita ƴaƴan tsofaffin ɗalibai da na masu ba da kuɗi ba?

Ni dai ina son bak ta zama ɗaya ga kowa. Yaron da zai fito daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya duba matarka a asibiti, ba ƙabilarsa za ka tambaya ba. Sai dai kar a yaudare ka a ce tseren daga wuri ɗaya aka fara. Ɗan Maraɗi lise tana bayan gidansu, ga lantarki. Ɗan makiyayi kuwa, iyayensa suna tashi da garke karatu ya tsaya. Taimakonsa tun yana shekara bakwai ya kamata ya zo: makaranta mai abinci da wurin kwana, da malamin da zai zauna ko rani ya yi tsanani.

Dattijon bai yarda da ni ba har yau. Ya ce mu sake zama bayan girbi.