Sharhi: Takin Bokiti a Baranda da Tokar Jujin da Manoman Jos Ke Saye

Manoman rani a kewayen Jos sun daɗe da sanin cewa shara taki ce. Shekaru da dama ke nan masu lambu a bakin Kogin Dilimi da kududdufan da haƙar kuza ta bari suna sayen tokar juji daga cikin gari, suna haɗa ta da takin zamani domin noman kabeji, karas da latas. Ƙasar tsaunin Filato tana da tsami, toka kuwa tana rage shi.

Sai dai jujin yau ba irin na da ba ne. Leda, fasassun kwalabe da matattun batura duk suna ƙonewa tare da ɓawon dankali da ragowar tuwo. Wuta tana kore sinadarin naitirojin da shuka ta fi buƙata, amma ba ta kawar da guba irin ta dalma, wadda ke bin tokar har cikin lambu.

Tsadar takin zamani ta ƙara tsananta lamarin. Farashinsa ya yi tashin gwauron zabi bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a 2022, cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuma ya ƙara kuɗin dako. A Kuru, inda Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa ta Ƙasa ke gudanar da shirinta na dankalin Turawa, manomi ya san dankali ba ya yin kirki sai an ba shi taki.

A nan ne bokitin mai zaman gidan bene ke da rawar takawa. Ana huda bokitin ta ƙasa da gefe, a zuba ɓawon kayan miya da na ayaba, a rufe da busasshen ganye ko garin katako, a riƙa juyawa domin iska ta shiga. Nama, ƙashi da mai ba sa shiga, domin su ke jawo ɓera da wari. Sanyin Jos a Disamba da Janairu yana jinkirta ruɓewa, don haka sai an ajiye bokitin inda rana ke bugawa, an kuma ƙara haƙuri.

Gaskiyar magana, abin da bokiti ɗaya ke bayarwa bai wuce na 'yan tukwanen tumatir da alayyafo ba. Ba zai ciyar da gonar dankali ba. Babban amfaninsa shi ne yana tilasta wa gida ware abin da ke ruɓewa daga leda tun daga kicin. Idan Hukumar Kare Muhalli da Tsafta ta Jihar Filato ta ware ranar kwashe irin wannan shara daban, manoman Kuru da Bukuru za su sami takin da ba sai sun tsince kwalba a cikinsa ba. Muddin mota ɗaya ce ke kwashe komai a haɗe, abin da aka ware a baranda a juji ɗaya zai ƙare.