Yarjejeniya na iya rushewa, bashi ba ya rushewa

Da zarar Ramadan ya ƙarato, kamfanonin shirya tafiye-tafiye kan cika gari da tallan Umara mai rahusa. Maniyyaci ya biya, ranar tashi ta zo ta wuce, biza ba ta fito ba. Da ya nemi kuɗinsa, sai a nuna masa sharaɗin cewa ba a mayar da abin da aka biya, ko ya gano kamfanin ba shi da lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON. Daga nan da yawa kan sallama, bisa zaton takarda marar ƙarfi a gaban alƙali ba ta fitar da ko sisi.

Wannan zato kuskure ne. Tilasta wa kamfani ya kai mutum Makka daban, karɓo kuɗin da ya riƙe ba tare da ya yi aikin ba daban. Na farko yana buƙatar ingantacciyar yarjejeniya. Na biyu hujjar biya yake buƙata. A 1942 kotun ƙolin Ingila, a shari'ar Fibrosa, ta umarci wani kamfani ya mayar da kafin alƙalami na fam 1,000 bayan yaƙi ya hana shi kai injina Poland. Kotunan Nijeriya na aiki da wannan ƙa'ida, fiƙihun Malikiyya ma yana warware ɓataccen ciniki, kowa ya karɓi nasa. Dokar kare masu sayayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mutum damar soke tafiyar da ya biya tun da wuri, a cire masa abin da ya dace kawai. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Sai dai akwai iyaka. Wanda ya biya don a shigar da shi aikin Hajji da bizar ziyara, yana sane Saudiyya ta haramta hakan, ya raunana ƙararsa, domin kotu ba ta cika taimakon mai hannu a saɓa doka ba.

Saboda haka kariyar maniyyaci tana farawa kafin biya: ya tabbatar da lasisi, ya tura kuɗi ta banki zuwa asusun kamfani, ya adana rasit da saƙonni. Kunyar kai ƙara kan kuɗin ibada kuwa, mai riƙe da kuɗin kaɗai take amfana.