Dodon Kurmi a Ma'aunin Malaman Hadisi

Tun zamanin da ayarin fatake ke tasowa daga Kano, su ƙetare Kwara, su ratso Borgu da Sansanne Mango da Yendi, su sauke kaya a kasuwar Salaga domin sayen goron da Tonawa ke kawowa, ba goro kaɗai suke komawa gida da shi ba, har da labarin halittun da aka ce suna zaune a cikin kurmin nan mai duhu, wanda galibin Hausawa ba su sami ikon shigarsa ba sai bayan da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi a 1874. Mafi shahara a cikinsu shi ne wanda Tonawa ke kira sasabonsam: ƙato mai gashi buzu-buzu da jajayen idanu, wanda ke zama a kan reshen babban itace ya saki dogayen ƙafafunsa ƙasa, ya ƙwamushe maharbin da tsautsayi ya biyo da shi. Rattray, Baturen nan da ya tattara tatsuniyoyin Hausa daga hannun Malam Shaihu, ya kawo bayaninsa a littafinsa na 1927 kan addinin Asante, wato Tonawa. Kusasawan Bawku kuwa suna da nasu ƙananan mutanen daji da suke kira kikiris, kuma har gobe ba a rasa wanda zai rantse a zango cewa kawun abokinsa ya yi arba da ɗaya daga cikin waɗannan.

A ganina, kuskuren da muke yi shi ne cakuɗa da'awa biyu waɗanda shari'a da hankali duk sun raba. Samuwar aljanu al'amari ne na gaibu wanda nassi ya tabbatar, babu Musulmin da zai nemi a kawo masa ƙashinsu. Amma wanda ya ce akwai dabba mai kama da biri, mai tsoka da jini, tana ci tana sha tana haihuwa a wani kurmi sananne, to ya fito daga gaibu ya shigo duniyar da ido ke gani, kuma a nan ƙa'idar alƙalai ce ke aiki, wato kawo hujja yana wuyan mai da'awa. Abin da ba na karɓa shi ne mutum ya fara da cewa dabba ce, da zarar an tambaye shi fatarta sai ya juya ya ce ai iska ce, ba ta kamuwa.

Mu da muka gaji karatun zaure, a ƙasar da Alhaji Umaru ya karantar kafin yaƙin basasar Salaga na 1892 ya kai shi Kete-Krachi, muna da ma'aunin da bai kamata mu ajiye shi don hadisi kaɗai ba. Malaman isnadi sukan tambayi wa ya ji daga wa, ko sun haɗu, ko mai ruwayar adali ne mai kiyayewa; kuma ba su kiran labari mutawatiri don kawai bakuna sun yi yawa, sai in kowane tsani na masu ruwayar yana da yawa kuma asalinsa gani ne da ido. Labarin dodon kurmi, in ka bi shi a hankali, kusan kullum yana tuƙewa ga maharbi guda, shi kaɗai, da almuru, cikin firgici, sunansa ma ya ɓace a hanya. Mas'udi ya lura da irin wannan tun ƙarni na goma game da halittar da Larabawa ke kira nasnas, inda mutanen gabas ke cewa tana yamma, na yamma kuma su ce tana gabas. Ibn Khaldun ya ƙara da cewa ko isnadi ya inganta, wajibi ne a gwada matanin da ɗabi'ar abubuwa. Dabba ba ta wanzuwa tilo. Sai da garke, garke kuwa yana barin kashi da gawa da ƙasusuwa.

Adalci ya wajabta in faɗi cewa jita-jita takan zama gaskiya. Turawa sun daɗe suna jin labarin ƙaton birin kurmin Gabon, amma bai shiga littafin ilmi da sunan gorila ba sai a 1847, bayan da Thomas Savage ya sami ƙoƙon kai da ƙasusuwa, Jeffries Wyman ya bincika su. Ƙashi ne ya yanke hukunci. Kwatanta wannan da yeti, dodon duwatsun Himalaya: a 2017 masana suka auna ƙwayoyin gado na samfura 9 da aka jingina masa, 8 suka fito na dabbar da Larabawa ke kira dubbu, ɗaya na kare. Sawun ƙaton dodon Amurka da ya tada ƙura a 1958 kuwa, iyalan Ray Wallace sun fito da ƙafafun katakon da suka ce da su ya buga shi, bayan rasuwarsa a 2002.

Ba na ƙaryata maharbinmu, domin mai gaskiya ma yakan yi wahami. Bika yana nan birjik a gandun dajin Mole, kuma in babba ya miƙe a duhun magariba, ko jarumi sai gabansa ya faɗi. A dajin Bia na kudu maso yamma kuma akwai ragowar birin cimfanzi, wanda ihunsa kaɗai ya isa ya haifi hikaya. Hoton waya mai dishi-dishi da ake turo mana a WhatsApp, shi ma labari ne marar isnadi, tun da ba a san wanda ya ɗauka ba, balle inda ya tsaya.

Shekara da shekaru ana sauke naman daji iri-iri a kasuwar Atwemonom ta Kumasi, daga gyazbi zuwa gada, amma sasabonsam bai taɓa hawa teburin mahauci ba. Saboda haka hukuncina shi ne da'awar ba ta tabbata ba, kuma ina roƙon mai karatu, in an sake turo masa hoton dodo, ya tambayi sunan wanda ya ɗauka da garin da aka ɗauka kafin ya tura wa wani.