Takin yuriya a kwalba: Wa zai tantance wa manoman Kura?

A shekarar 2021 ne kamfanin IFFCO na Indiya ya fito da takin ruwa mai suna Nano Urea, yana mai cewa kwalba guda ta rabin lita za ta maye gurbin buhun yuriya mai kilo 45.

Ga manoman shinkafa na Kura da Bunkure, masu ban ruwa daga madatsar Tiga, waɗanda tsadar taki ta addaba, wannan tamkar albishir ne.

Sai dai lissafin na da ɗaure kai: sinadarin naitirojin da ke cikin kwalbar giram 20 ne, na buhun kuwa kimanin kilo 20. A 2023 wasu masana biyu na Jami'ar Kofanhegan sun ce iƙirarin ba shi da ƙwaƙƙwarar hujja.

Kamfanin ya dogara ne da ƙanƙantar ƙwayoyin takin, waɗanda sai da madubin lantarki ake ganinsu. Akan karkata samfurin a ɗauke shi hoto ta kusurwoyi da dama, sannan kwamfuta ta harhaɗa siffarsa. Aikin da kan ci awa guda, sabbin dabaru sun mayar da shi 'yan mintoci.

Amma siffar ƙwaya kawai madubin zai nuna. Ko amfanin gona zai ƙaru, sai an gwada a fili, kamar a tashar binciken noman rani ta Kadawa.