Fitilar Tsaro Ta Rikice, Sai a Cire Tsaron?

A yawancin motocin Toyota da ke kai da komo tsakanin Fagge da Sabon Gari akwai wata 'yar jar fitila a gaban direba, wadda ke ƙiftawa idan an zare makulli, ta mutu da zarar an zura na ainihi. Ranar da ta saɓa al'ada, ta ƙi kamawa ko ta ƙi mutuwa, hukuncin da ake yawan yanke wa mai mota a wurin masu wayarin ɗayan biyu ne: ƙwaƙwalwar mota ta ƙone, a je Ƙofar Ruwa a sayo wata, ko kuwa a cire tsaron baki ɗaya kowa ya huta. Wannan ba gyara ba ne, lalube ne cikin duhu da kuɗin wani.

A kan makullin akwai ɗan ƙwayar lantarki mai ɗauke da lamba, a bakin ramin makulli kuma akwai zoben waya da ke ba shi wuta ya karanto lambar (shi ya sa irin wannan ƙwayar ba ya bukatar batir). Akwatin tsaro ya tantance, ya sanar da ƙwaƙwalwar inji, sannan a saki mai da tartsatsi. Fitilar mai shela ce kawai, tana da layinta daban. Idan mota tana tashi lafiya amma fitila ta ƙi kamawa, makulli da ƙwaƙwalwa sun wanku daga zargi. Saura a duba fis, soket da ya yi tsatsa, waya da ɓera ya ci, ko fitilar kanta. Mita ta isa wannan aiki. Idan kuwa inji na juyawa bai kamawa, fitila na ta ƙiftawa alhali makulli na ciki, sai a gwada makulli na biyu, a auna batir, a jona na'urar bincike. Lambar B2799 da takan fito a Toyota tana nuna matsala ce a sadarwa tsakanin akwatin tsaro da ƙwaƙwalwar inji. Ba ta ce a jefar da ko ɗaya ba, domin waya guda da ta tsinke tana iya haddasa ta.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne dabarar ɓalle ƙwayar makulli a liƙe ta da salatif jikin zoben, a rufe, a yanko makullai na ƙarfe zalla. Mota za ta tashi, ƙwarai kuwa, ta tashi wa kowa. Jamus ta wajabta wannan tsaro a sababbin motoci tun 1998. Amurka ba ta wajabta ba, kuma ta ga sakamako: motocin Kia da Hyundai masu yawa da aka sayar babu shi tsakanin 2011 da 2021 sun zama abin wasan yara ɓarayi, har ana koyar da satarsu a TikTok. Abin da ya zame wa waɗannan kamfanoni abin kunya, mu kuɗi muke biya a yi mana shi.

Sai dai mai mota ma ba fari tas yake ba. Zai biya kuɗin ƙarfe ba gardama, amma in ƙwararre ya yi awa biyu yana bin waya da mita, ya ce matsalar fis ce, sai ya ji ana neman kuɗin bincike ya ɗaure fuska: "Me ka canza?" Mai wayarin da aka yi wa wannan tambaya sau uku, a karo na huɗu ƙwaƙwalwa zai ce ta ƙone.